Ƙyallin Fenti Ba Shi Ne Lafiyar Mota Ba

Yau ba zancen lalle ko girki na zo muku da shi ba, zancen mota ne. Kada ku yamutsa fuska, ku dai biyo ni.

Ana saura wata biyu bikin Yayana, ya tattara kuɗin da ya daɗe yana tari ya tafi Kano, ya dawo mana Garki da wata jar mota 'yar Kwatano, tana ƙyalli kamar amarya ranar kamu. Mu ƙannensa har guɗa muka yi. Amma da Kawu ya zo, wanda ya shekara ashirin yana gyaran bodi a Dutse, sai ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya naɗe shi da ƙyalle, ya rinƙa bin jikin motar. Ko'ina yana kamawa, da ya zo ƙofar baya sai ya sulale ƙasa.

"Ɗana, wannan motar ta taɓa cin karo," in ji Kawu. "Fila aka cika a nan, aka rufe da fenti."

Wallahi jikin Yaya ya yi sanyi. Ni kuwa uwar tambaya na ce, "Kawu, yaya aka yi ka gane?"

Ya ce fentin motar zamani hawa huɗu ne. Na farko, a kamfani ake tsoma gangar jikin gaba ɗaya cikin kwatami, a sa lantarki ya manna maganin tsatsa a kowane lungu. Na biyu shi ne firama, mai daidaita fuskar ƙarfe. Na uku launin da ido ke gani. Na huɗu wani ruwa ne garai marar launi, shi ke ba da ƙyalli, yana kare launin daga rana. Ana gasa su a tanda mai zafi har su ƙanƙame. Abin mamaki, duka huɗun nan in an haɗa, kaurinsu bai fi na silin gashi biyu ba, wato tsakanin maikiron 100 zuwa 180. Maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shi ya sa maganaɗisu ke jin ƙarfen ta cikin fenti, amma in an lafta fila mai kauri, sai ya kasa. Sai dai bamba ta roba ce, can ba ya aiki.

Ni ma ban tsira ba. Kawu ya kama ni ina goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma. Ya ce ƙurar nan yashi ce, tana kankare hawan sama, kuma in ya cinye sai launi ya koɗe. A fara zuba ruwa, a sa ƙyalle mai laushi, a guji omo. Kashin tsuntsu kuma a wanke shi nan take, don yana cin fenti.

Washegari Kawu ya raka Yaya Kano, dillalin ya rage kuɗi bayan doguwar taƙaddama, kuma da motar aka ɗauko amarya.

To 'yar uwa, in saurayi ya faka mota a ƙofar gidanku tana walƙiya, kada ƙyalli ya ɗebe miki hankali. Bari iyaye su yi nasu binciken tukuna, don na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.