Hauhawar maki: me ya sa kashi 85 ba ya kai ɗan Mai Wurno ajin likitanci?

A Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin kogin Blue Nile, ranar fitowar sakamakon "shahada sudaniyya", jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, rana ce ta guɗa. Yaro ya kawo kashi 85 cikin ɗari, gida ya cika da 'yan barka. Amma da an fitar da jerin waɗanda suka samu gurbi, sai a nemi sunansa a sashen likitanci na Jami'ar Khartoum a rasa. A can, mafi ƙarancin makin shiga ya daɗe yana sama da kashi 90.

Dalili shi ne, ba a yanke makin shiga tun kafin jarrabawa. Ana jera masu nema daga na sama zuwa na ƙasa, a yi ta ɗiba har gurabe su ƙare. Makin wanda ya shiga daga ƙarshe shi ne iyaka a wannan shekarar. Ke nan ba yawan maki ake dubawa ba, matsayin yaro a cikin sa'o'insa ake dubawa.

Yadda maki ke rasa daraja

Duk wanda ya riƙe fam ɗin Sudan a 'yan shekarun nan ya san takarda na iya yawa a aljihu, cefane kuma ya ragu. Haka maki yake. Idan malamai suka sassauta hannu kowa ya samu babban maki, lambar ta daina bambanta gwani da mai dama-dama. Wannan shi ake kira hauhawar maki.

Manyan jami'o'in Amurka na fama da ita. Wani rahoton Jami'ar Harvard na 2025 ya nuna sama da kashi 60 na makin da ake bai wa ɗaliban digirin farko "A" ne, alhali shekara ashirin baya kusan kashi 25 ne. A Faransa kuma, waɗanda suka ci jarrabawar BAC a 2020, shekarar korona, sun kai kusan kashi 95.

Maganin da wasu suka gwada shi ne rabon maki bisa jeri: a ƙayyade yawan waɗanda za su samu makin ƙoli, komai ƙoƙarin aji. Jami'ar Princeton ta yi haka a 2004, ta ce kada masu "A" su wuce kashi 35. A 2014 ta janye dokar, bayan koken cewa tana ƙara wa ɗalibai fargaba da kallon juna a matsayin abokan hamayya.

Wa ke kwana ciki?

Idan maki suka cunkushe a sama, ɗigo ɗaya kan raba mai shiga da mai komawa gida. Wannan ɗigon kuwa ya fi sauƙin samu ga ɗan birni mai malamin darasi na kuɗi, fiye da yaron da ya tashi da Hausa ko Fillanci a gida, ya rubuta jarrabawa da Larabci, ya kuma raba lokacinsa tsakanin aji da gona. Ga kuma ƙofar "ƙabul khas", inda mai hali ke biyan kuɗi ɗansa ya shiga jami'ar gwamnati da makin da bai kai na gasar gama-gari ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara nisan tazarar. Wad Madani, mazaunin Jami'ar Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji ba su ƙwato ta ba sai Janairun 2025. Jarrabawar 2023 ma sai ƙarshen Disambar 2024 aka zauna ta, wasu yaran daga gudun hijira.

Don haka kafin cike takardar neman gurbi, abin da ya kamata iyaye su tambaya shi ne: a nawa sashen da yaro ke so ya tsaya bara? Sai a haɗa da zaɓin da makinsa zai kai, ko a Jami'ar Sennar ko ta Blue Nile da ke Damazin, kada buri ɗaya ya cinye masa shekara.