Shirin Musamman: Lambar da Kwamfuta Ke Cijewa a Kanta

Yau lamba guda ɗaya za mu tasa a gaba: 2,147,483,647. Wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai.

Samunta ba wuya. Ka fara da 1, ka ninka ta koma 2, ka sake ninkawa ta koma 4, haka har sau 31, sannan ka cire ɗaya. Mara ce, ba cika ba, amma ba nan darajarta take ba. Duk girman nan nata, babu lambar da ke raba ta daidai ba saura, sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan da ake samu ta ninka 2 a cire ɗaya, kuma su ƙi rabuwa, ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya jera su a 1644. Ga su nan: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, tamu ce ta takwas. Kada a ɗauka kowace ke dacewa: 2,047 ma ta wannan hanya aka same ta, amma 23 sau 89 ce.

Wanda ya tabbatar cewa lambar tamu ba ta rabuwa shi ne masanin lissafi Leonhard Euler, a 1772, yana zaune a Rasha, idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Wannan ne ya fi burge ni. Babu na'ura, kuma gwada kowace lamba har zuwa 46,340 aiki ne mai cin rai. Sai ya kama wata ƙa'ida da aka gada daga wani masanin lissafi, Fermat: duk lambar da za ta raba wannan, dole in an raba ta da 62 a samu saura 1. Da wannan da wasu dabarun ya rage aikin ƙwarai, ya gwada ragowar, ba a samu ko ɗaya ba.

To, me ya haɗa ta da wayar hannunka? Kwamfutoci da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32 na sifili da ɗaya. Gurbi guda na nuna ko lambar sama take da sifili ko ƙasa, saura 31, don haka lambar tamu ce iyakar abin da za su iya ajiyewa. A 2014, yawan kallon bidiyon waƙar Gangnam Style ya doshi wannan adadi, YouTube ya faɗaɗa ma'ajinsa zuwa gurbi 64.

Akwai kuma wata matsala a gaba. Tsofaffin na'urori suna ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙirgen zai kai wannan lamba ranar 19 ga Janairun 2038. Na'urar da ba a gyara ba, agogonta zai koma Disamban 1901. Masana sun daɗe da fara sauya tsarin, sai dai na'urorin da ke cikin injuna da kayan masana'antu su ne masu wuyar kaiwa.