Shin Ya Dace A Hau Dandamali Da Jita Mai Tsada?

Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson kasuwa da sabuwar iPhone a aljihu ya san irin wannan fargabar. Haka makaɗan jita suke fama da ita: ka tara kuɗi ka sayi jita mai tsada, to a wurin wasa za ka kaɗa ta, ko a gida za ka adana ta? A yau za mu duba yadda abin yake.

Me 'yan kallo suke ji?

Jitar lantarki ba ta da wata ƙara sosai ita kaɗai. A ƙarƙashin igiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan igiya ta girgiza, sai ya mayar da girgizar zuwa siginar lantarki. Siginar ta bi kebul zuwa amfilifaya, makirufo ya ɗauka, ta ratsa na'urar haɗa sauti, sannan ta fito ta manyan lasifikoki. Kowane mataki yana canza sautin. Ga ganguna, ga ihun jama'a, ga shi da yawa ma a bidiyon waya za su kalli wasan daga baya.

Shi ya sa da wuya ɗan kallo ya bambance Fender da Squier, ko Gibson da Epiphone, wato ƙananan samfuransu masu araha. Wanda yake jin bambancin shi ne makaɗin, a hannunsa: santsin wuyan jitar, nauyinta, da yadda take riƙe saiti.

Mdou Moctar na Nijar misali ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke. Waƙoƙinsa kuma ta Bluetooth da memori suka fara yaɗuwa daga waya zuwa waya, kafin ya kai ga zagaya Turai da Amurka.

Haɗarin da ke wurin wasa

Na farko faɗuwa. Kan jitar Gibson a lanƙwashe yake zuwa baya, kuma katakon wurin siriri ne, don haka faɗuwa ɗaya tana iya karya shi. Ana gyarawa, amma darajarta a kasuwa ta ragu ke nan.

Na biyu yanayi. Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu a ƙasar Hausa danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20, abin da kan sa katako ya tsage, musamman na jitar da ba ta lantarki ba.

Na uku sata da wahalar tafiya. A 1980 jitar Les Paul ta Peter Frampton ta ɓace bayan jirgin dakon kayansa ya yi hatsari a Venezuela. Sai bayan fiye da shekara 30 ta dawo hannunsa.

Amma manyan makaɗa suna fita da nasu

Gaskiya ne. Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica yana hawa dandamali da Greeny, wata Les Paul ƙirar 1959 da ta taɓa zama ta Peter Green da Gary Moore. Willie Nelson kuwa tun 1969 yake kaɗa jitarsa Trigger, har jikinta ya huje. Hujjarsu ita ce don kaɗawa aka ƙera jita.

Sai dai irin waɗannan taurari suna da ma'aikaci na musamman da ke kula da jitocinsu, ga masu gadi, ga akwatunan tafiya masu ƙarfi. Kai da za ka yi wasa a wurin biki, kana ɗaukar kayanka da kanka, lissafinka daban ne.

To mece ce mafita?

Tambayi kanka abu ɗaya: idan jitar nan ta karye ko aka sace ta yau da dare, zan iya sayen wata kafin wasa na gaba? Idan za ka iya, fita da ita. Idan ba za ka iya ba, nemi mai sauƙin kuɗi, ka kai wa gwani ya saita ta da kyau, mai tsadar kuma ta zauna don ɗaukar sauti a situdiyo.

Idan kuma dole sai da ita, to ka kiyaye waɗannan:

- Sa ta a akwati mai tauri, kada ka bar ta a mota cikin rana.
- Sa makullin maɗauri don kada ta zame daga kafaɗarka.
- Ɗauki hoton jitar da lambar da ke jikinta, ka adana a Google Drive.
- Ɓoye AirTag ko SmartTag a cikin akwatin.
- Da an tashi daga wasa, ita za ka fara tattarawa kafin gaisawa da jama'a, domin a wannan hayaniyar kaya suka fi ɓacewa.