Matsalar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Tsofaffin Fayiloli

Malamin Hausa a Batsari ko Safana, in ya buɗe tsohon fayilinsa a sabuwar kwamfuta, yakan tarar ɓ da ɗ da ƙ sun rikiɗe zuwa wasu alamomi daban. Dalili kuwa, a shekarun 1990 akan ɗora siffar baƙin ne bisa gurbin wata alama cikin salon rubutu na musamman, kamar Rabi'at na Abdalla Uba Adamu. In babu salon, sai ainihin alamar ta bayyana. Sake sanya salon rufe matsalar ne kawai. Lalle ne a adana kwafin asali, sa'an nan a musanya kowace alama da baƙinta na tsarin Unicode, inda ƙ yake da lambarsa ta dindindin, watau U+0199.