Sabunta tsofaffin bayanan kasuwanci a intanet

Sabunta tsofaffin bayanan kasuwanci a intanet aiki ne da 'yan kasuwa da kamfanoni ke yi na komawa ga abin da suka riga suka wallafa game da hajarsu, su gyara kurakuransa, su cire abin da ya daina aiki, su ƙara abin da babu, domin injunan bincike irin su Google da Bing su ci gaba da nuna shi a sahun gaba. Reshe ne na aikin da aka fi sani da gajeren sunan SEO, wato inganta matsayi a injin bincike. Tsohon bayanin ake yi wa kwaskwarima, a bar shi a adireshin da yake tun farko.

Bayanin kasuwanci ya fi sauran rubuce-rubuce saurin tsufa, saboda jigonsa farashi ne da lambar waya da adireshi da lokacin buɗewa, kuma duk waɗannan suna sauyawa. Idan aka bar shi haka, masu bincike sukan daina amfana da shi, wasu sababbin bayanai su sha gabansa, cinikin da yake jawowa ya ragu.

Tarihi

Injin bincike na farko, mai suna Archie, ya fito a shekarar 1990 daga Jami'ar McGill da ke Kanada. AltaVista ya biyo baya a 1995, sannan Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998. Tsarin da suka zo da shi, PageRank, yana auna darajar bayani ne da yawan mahaɗan da ke nuni zuwa gare shi da kuma ingancinsu. Wannan ya fifita tsofaffin bayanai, tunda su suka daɗe suna tara mahaɗai.

Daga baya Google ya soma ba sabon bayani muhimmanci. A watan Yunin 2010 ya kammala wani tsarin tattara bayanai mai suna Caffeine, wanda ya ce yana kawo sakamakon da ya fi na da sabunta da kashi 50 cikin 100. A watan Nuwamban 2011 ya yi wani gyara da ya shafi kusan kashi 35 cikin 100 na binciken da ake yi, inda ya fifita sabon bayani a batutuwan da ke sauyawa da sauri. A farkon wannan shekarar ne kuma gyaran Panda ya durƙusar da shafukan da ke cike da rubutu maras amfani, gyaran Penguin na 2012 ya hukunta masu sayen mahaɗan bogi.

Wanda ya yayata dabarar sabuntawa a tsakanin masu talla shi ne kamfanin HubSpot na Amurka. A 2015 ya bayyana cewa kashi 76 cikin 100 na masu karanta rubuce-rubucensa a kowane wata tsofaffin rubutun suke karantawa, kuma daga nan ne kashi 92 cikin 100 na masu nuna sha'awar ciniki ke fitowa. Ganin haka ya sa kamfanoni da dama suka rage gaggawar wallafa sabon abu, suka waiwayi abin da ke hannunsu.

Yadda take aiki

Injin bincike yana aika wata manhaja da ke zagaya intanet tana karanta shafuka, ta adana abin da ta gani a rumbun bayanai. Idan mutum ya rubuta tambaya, daga wannan rumbun ake zaɓo amsa a jera ta. Tsohon adireshi yana da abin da sabo ba shi da shi: injin ya san shi, wasu sun yi nuni zuwa gare shi, an daɗe ana ziyartarsa. Gyara shi yana haɗa wannan tsohuwar darajar da sahihin bayani na yau.

Sabunta ba ta da tasiri iri ɗaya a kan kowace tambaya. Wanda ke neman tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ba ya buƙatar rubutun jiya. Wanda ke neman farashin buhun albasa kuwa, rubutun watan da ya wuce ma ya yi masa nisa. Don haka bayanin farashi da na sufuri da na ranakun kasuwa su ne aka fi bin diddiginsu.

Ana fara aikin ne da gano bayanan da suka ja baya. Google Search Console, wanda kyauta ne, yana nuna kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso, da matsayin kowane shafi, har na tsawon watanni 16. Masu aikin sukan fi mai da hankali kan bayanan da ke dab da shiga jerin goma na farko, domin gyara kaɗan kan iya ɗaga su. Daga nan sai a gyara alƙaluma da lambobin waya, a cire mahaɗan da suka mutu, a sauya kanun labari ya dace da yadda mutane ke tambaya. Idan akwai rubutu biyu ko uku a kan abu ɗaya, ana haɗe su, a karkatar da tsofaffin adireshin zuwa wanda aka bari ta hanyar umarnin da ake kira 301. Sauya adireshi ba tare da wannan umarnin ba yana jawo saƙon 404, kuma darajar da aka tara ta shekaru takan salwanta. Ana kuma rage nauyin hotuna, tunda tun 2015 Google ke fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a wayar hannu.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da shafi nasa, wurin da ya fi muhimmanci shi ne Google Business Profile, wanda kafin 2021 ake kira Google My Business, sai kuma Facebook. Google ya ce abubuwa uku yake dubawa a binciken kusa da gida: dacewa da tambaya, nisa, da shahara.

A gabashin Jihar Sakkwato

Ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo yanki ne na noman rani a fadamar kogin Rima. Madatsar ruwan Goronyo, da aka kammala a 1984, tana cikin manyan madatsun ruwa na arewa maso yammacin Najeriya, kuma yankin ya shahara da albasa da tafarnuwa da shinkafa. Masu sayen wannan amfanin gona da yawa suna nesa, a Legas da Onica da Fatakwal, kuma da waya ake ƙulla cinikin. A irin wannan kasuwa tsohon bayani yana iya jawo asarar kuɗin mota da na dako.

Albasa kanta misali ce. Tana araha a lokacin girbi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ta yi tsada a ƙarshen shekara bayan wadda aka adana ta ragu saboda ruɓewa. Farashin da dillali ya rubuta a watan Maris, idan ba a sa masa kwanan wata ba, mai karanta shi a Nuwamba zai ɗauka yaudara ce. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, sun ƙara dagula lamarin: hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, duk wani jadawalin farashi ko kuɗin mota da aka wallafa kafin nan ya zama tarihi.

Hanyoyi ma sun sauya fiye da sau ɗaya. An rufe iyakar Illela, mashigar Jamhuriyar Nijar, a watan Agustan 2019, aka buɗe ta a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris ɗin 2024. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah, sannan a Oktoban shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. A nan bayanin hanya ko na ranar kasuwa da ya tsufa batu ne da ya shafi rai, ya wuce na ciniki. Rufe layukan da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba, wanda aka tsananta a 2024, shi ma ya bar tallace-tallace da yawa da lambobin da ba sa shiga.

Rubutun Hausa

Akwai wata matsala da ta keɓanta da Hausa. Yawancin masu bincike ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai su rubuta kudi a maimakon kuɗi, kauye a maimakon ƙauye. Sunayen garuruwa kuma suna da fuska biyu: Sokoto da Sakkwato, Goronyo da Gwaranyo, Rabah da Raba. Maikujera, da ke ƙaramar hukumar Rabah, ana rubuta shi a haɗe ko a rabe, kuma idan aka raba shi injin bincike na iya ɗaukarsa a matsayin mai sayar da kujeru. Saboda haka masu sabuntawa kan ambaci sunan gari tare da ƙaramar hukuma da jiha, su kuma kawo ɗaya rubutun a wani wuri cikin bayanin. Karin harshen Sakkwato ma kan bambanta da daidaitacciyar Hausa a wasu kalmomi, wanda hakan ke shafar abin da mai saye daga Kano ko Zariya zai rubuta.

Ƙarancin rubutun Hausa a intanet yana da amfani ta wani gefen. Gasa ba ta da zafi kamar a Turanci, don haka bayani guda mai kyau kan iya zama a sama na shekaru. Illar ita ce, idan kuskure ne a cikinsa, shi ma haka zai daɗe a saman.

Suka

Dabarar ta haifar da maguɗi. Wasu kan sauya kwanan wata kawai, ko su maye gurbin 2023 da 2025 a kanun rubutu ba tare da taɓa abin da ke ciki ba. Google ya lissafa wannan cikin alamomin rubutun da aka yi don injin bincike, a ƙa'idojin da ya fitar bayan gyaransa na Agustan 2022. Wasu kuma kan cusa ƙarin sakin layi don tsawaita rubutu, alhali kamfanin ya ce ba shi da wani adadin kalmomi da ya fi so. Gyara ma kan iya ɓata abin da ke tafiya daidai, idan aka cire sashen da ke kawo masu karatu, kuma sakamakon gyara yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana.

A Najeriya akwai ɓangaren shari'a. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin da ke ɓatar da mai saye game da kaya ko farashinsu.

Tun daga Mayun 2024 Google ya soma sa taƙaitacciyar amsa da ƙirƙirarriyar basira ta tsara a saman sakamakon bincike, ya faɗaɗa ta zuwa ƙasashe sama da 100 a Oktoban shekarar. Irin wannan amsa daga shafukan da ke rumbun bayanai ake ɗebo ta, kuma mai bincike kan iya karanta tsohon farashi a cikinta ba tare da ya buɗe asalin shafin ya ga ranar da aka rubuta shi ba.