Matasan da ke gumi domin ƙwallon guragu ta ɗore a Kano

Kafin alƙalin wasa ya busa usur a filin ƙwallon guragu, wasu sun riga sun jiƙe da gumi. Matasa ne 'yan sa-kai da ba a biyansu ko sisi.

Su ke share dandamalin siminti, domin tsakuwa ɗaya kan iya kifar da ɗan wasa daga kan katakonsa mai taya. Su ke cicciɓar kekuna zuwa cikin adaidaita-sahu, su sayo ruwan leda, su kai keken da ya karye wurin mai walda.

Wasan ɗan gida ne. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro shi a Najeriya a 1988, kuma da hannu ake buga ƙwallon. Akasarin 'yan wasan mutane ne da cutar shan-inna ta nakasa tun suna yara.

Ƙwallon kwando ta masu keke kuwa ta fi cin kuɗi. Tana buƙatar keke na musamman mai karkatattun tayoyi, ga shi ba a rage tsayin ragar daga mita 3.05 ba. Keken asibiti ba ya jure wannan gwagwarmaya.

A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, da yawansu na bara a bakin titi. Filin wasa wata mafita ce.

A Rio a 2016, 'yan wasan Najeriya masu buƙata ta musamman sun kwaso zinare 8, yayin da masu ƙafa suka dawo da tagulla 1 tak.