Ɗan ci-rani ne ko baƙon haure? Gardamar da ake yi a fadamun Haɗeja

Duk wanda ya taɓa shiga fadamar Auyo lokacin yankan shinkafa ya san yadda wurin yake cika. Ga masu lauje, ga masu bugu, ga masu ɗurawa a buhu. In ka kasa kunne, za ka ji wasu suna lissafin kuɗi da jikka da dala, suna kiran makarantar boko lakwal. Waɗannan mutanen Nijar ne, yawancinsu daga yankin Damagaram, sun zo ci-rani.

A hutun da ya wuce na je taya kawuna aiki, sai na tarar da gardama a majalisarsu. Wani dattijo ya ce baƙin nan sun karya farashin ƙwadago, domin abin da ɗan gari zai ƙi karɓa su za su karɓa. Ya ƙara da cewa ba a san adadinsu ba, ba a san wanda ya shigo da makami ba. Kawu ya ce masa, "Alhaji, in an kore su yau, kai za ka ɗauki lauje?" Aka yi dariya, amma Alhaji bai yi ba. Kuma gaskiya ba shirme ya faɗa ba. Ƙasar da ba ta san wa ke shigowa cikinta ba tana da matsala, musamman a wannan zamani na 'yan bindiga.

To, me doka ta ce? A 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga ɗaya ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya kuma ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani, kamar ta Maigatari a nan Jigawa. In zai wuce haka ko zai kama aiki, sai ya nemi izinin zama daga Hukumar Shige da Fice. Wanda ya ratso ta daji ba takarda, shi ake kira baƙon haure, wato wanda ya haura katanga maimakon ya bi ta ƙofa. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenta su shiga su fita kafin a tsayar da sabon tsari.

Matsalar ita ce katangar tamu ba katanga ba ce. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa tsakanin dangi, ta raba mutum da gonar kakansa. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka gwada tantance ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ido. Yare ɗaya, sutura ɗaya, wani ma surukin wani ne.

An sha gwada ƙarfi. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar ƙasar, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Ghana, kuma daga nan jakar nan ta samo sunan Ghana Must Go. (Ita ma Ghana ta kori 'yan Najeriya a 1969, har da Hausawan zango.) A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, sai a Disamban 2020 aka buɗe Maigatari. Manoman Haɗeja sun ji daɗin tsadar shinkafar gida, wannan ba a musu. Amma rufe ƙofa bai hana mai babur bin hanyar daji ba, kuɗin hanya kawai ya ƙaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani yaro da bai wuce sa'ana ba. Ya yi mako uku yana yanka a gonar wani mutum. Ranar biya aka ba shi rabin abin da suka yi yarjejeniya. Da ya yi magana, mai gonar ya ce zai kira masa jami'an shige da fice. Yaron ya haɗiye maganarsa, ya ɗauki 'yar jakarsa.

A Amurka ana ta jayayya kan ko a kama ma'aikaci marar takarda ne ko a hukunta wanda ya ɗauke shi aiki. A ganina tambayar ta shafe mu. Rashin takardar yaron nan bai cutar da mai gonar ba, riba ma ya ci da shi. Kuma muddin akwai wanda za a iya biya rabin kuɗi don ba shi da bakin kai ƙara, ɗan garin ma ba zai samu cikakken lada ba. Ke nan ƙorafin Alhaji na karyewar farashi da ƙorafin yaron tushensu ɗaya. Da za a sauƙaƙa wa ɗan ci-rani yin rajista a bakin iyaka ko wajen mai unguwa, a kuma tuhumi mai gonar da ya danne haƙƙi, hukuma za ta san waɗanda suka shigo, aikin fadama kuma ba zai tsaya ba.

Ku kuma ƙannena, ku duba naku takardun. Jami'in da ya tare mota a hanyar Gumel ba zai gane ɗan ƙasa a goshi ba, kuma akwai 'yan Jigawa haifaffu da ba su da ko takardar haihuwa. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN. In kana aji biyar ko shida ba ka da ita, ka tuna wa Baba tun kafin lokacin rajista ya ƙure.